Akaifar Zaki: A Tatsuniya Ta Sha Kaye, A Kasuwa Ta Yi Daraja

Bahaushe bai haɗa ƙafafun dabbobi a suna ɗaya ba. Na doki da jaki kofato ne, tafin zaki da damisa dagi, makamin da ke bakin yatsa kuwa farce ko akaifa, wasu su ce ƙumba. Mafarauci yana karanta waɗannan a ƙasa. In ya ga sawu babu alamar farce, ya san dangin mage ne suka wuce, domin zaki da damisa suna janye faratansu ciki idan suna tafiya, sai ranar aiki su fiddo su da kaifinsu. Na kura da kare kullum a waje suke, ƙasa tana cinye su, shi ya sa ƙarfin kura yake a muƙamuƙi. Kirarin nan na mage, mai kwanciyar ɗaukar rai, ya dace da wannan ɓoyon makami.

To amma a duba tatsuniyoyinmu, ko waɗanda Frank Edgar ya fara bugawa a 1911, ko na Tatsuniyoyi da Wasanni na Ibrahim Yaro Yahaya. Mai akaifa ba kasafai yake cin riba ba. Zaki sarkin dawa ne, ana tsoronsa, ana kai masa gaisuwa, amma Gizo da ko naman kirki babu a jikinsa shi ke juya shi. Dila, malamin daji, da baki yake kuɓuta. Kura kuwa kwaɗayi ke kai ta ga halaka tun kafin ta ɗaga ƙafa. A ganina wannan ba wasan yara kawai ba ne. Tsofaffin da ke ba da tatsuniya a tsakar gida bayan sallar isha talakawa ne da suka san zama ƙarƙashin mai ƙarfi, abin da suke cusa wa jikokinsu shi ne a yi wa mai farce ladabi a fili, a ci shi da dabara a ɓoye.

Ita ma shari'a ta kula da akaifa. Akwai hadisi a Sahihu Muslim da ya hana cin tsuntsu mai kamu da farce, sai dai malaman Malikiyya, kamar yadda ya zo a Risala, sun halatta. An kuma hana yanka da farce ko haƙori.

Inda abin ya juye shi ne a rumfar mai maganin gargajiya. A kan tabarmarsa, tsakanin sassaƙe da ƙahoni, za ka tarar da busasshiyar ƙafar shaho ko farcen da ake cewa na zaki ne. Sai a kai wa baduku ya ɗinke shi cikin jar fata, a rataya a damtse ko a wuya don kwarjini. Mutumin da ya yi wa zaki dariya da dare, shi ne da safe yake sayen farcensa. Alhali farce sinadarinsa ɗaya da gashi da kofato, ba shi da wani sirri da ya wuce na akuya.

Wanda ke biyan kuɗin wannan imani shi ne zakin kansa. A Nijeriya kusan sai a Yankari da dajin tafkin Kainji ake labarinsa, kuma tun 2015 ƙungiyar kare halittu ta IUCN ta sa zakin Afirka ta Yamma cikin jerin dabbobin da ke gab da ƙarewa.