Gajerun Sunaye a Hannun Mai Rubuta Ƙamus

A Rijiyar Lemo, da zarar wuta ta dawo sai ka ji yara sun ɗauki ihu: "An kawo nepa!" Alhali hukumar NEPA ta rasa wannan suna tun 2005, yanzu KEDCO ce ke raba wutar Kano. Wanne daga cikinsu ya cancanci gurbi a ƙamus?

Malalaci zai kwaso duk wani gajeren suna da ya gani a jarida ya zuba, ko ya watsar da su duka ya ce ba Hausa ba ne. Ƙwararre, irin masanan Cibiyar Nazarin Harsunan Nijeriya ta Jami'ar Bayero da suka fitar da Ƙamusun Hausa a 2006, da kunne yake farawa. Zai ɗauki kati, ya rubuta jimlar yadda ta fito daga bakin mai shayi ko ɗan adaidaita sahu, da wurin da ya ji ta. Kati ɗaya ba hujja ba ne, sai sun taru.

Sannan ya shiga gwaji. Bakin Bahaushe ya tanƙwara sunan? Jam'iyyar NEPU da aka kafa a Kano a 1950 ta koma Nefu. Ya sami jinsi, wato "ya" ake ce masa ko "ta"? Yana da jam'i? N.A. ta zamanin Turawa ta zama En'e, mace ce, jam'inta en'e-en'e, kamar yadda D.O. ya zama Di'o. Daga nan ya saurari karin sauti, wato hawa da saukar murya a kan kowace gaɓa, ya sa masa alama.

Gwajin da ya fi burge ni shi ne na ma'ana. Tsohuwar da ke cewa babu nepa ba ta san abin da haruffan ke wakilta ba, kuma ba hukuma take nufi ba, wutar kanta take nufi. Wannan kalma ta zauna daram.

S.A.W. kuwa, duk yawanta a littattafai, ba mai furta ta harafi-harafi. Cikakken salati ake yi, don haka wurinta jerin taƙaitattun alamomi. KEDCO katinta na nan a akwati tukuna. 'Yan Karota da ke tsaye a mahaɗar titunan Sabon Gari sun riga sun sami "'yan" a farkon sunansu, sai mai ƙamus ya ware katinsu gefe, ya ci gaba da saurare.