Riga Ɗaya, Sadaukai Da Yawa: Gadon Suna a Labaran Zane

Sukar da aka fi yi wa labaran zane na sadaukai, wato mujallun da ake ba da labari a cikinsu da jerin hotunan hannu da 'yan kalmomi kaɗan, ita ce kamfanonin da ke buga su ba sa barin jarumi ya mutu saboda kuɗin da sunansa ke kawowa, don haka da zarar kasuwar mai sunan ta ja baya sai su tuɓe masa riga su sa wa wani, ciniki ya ci gaba. Irin wannan magana ba baƙuwa ba ce a majalisun matasa daga Unguwa Uku zuwa Gyadi-Gyadi, inda akasarin masu kallo suka san waɗannan sadaukai ta finafinan da ake tura musu a waya a Farm Centre da shagunan unguwa, ba ta takarda ba, kuma ta ƙara ƙarfi a 2022 da aka fito da kashi na biyu na fim ɗin Black Panther, aka ga mace cikin rigar yayanta. Babu mai musun cewa kuɗi na cikin lamarin. Sai dai wanda ya tsaya a nan ya bayyana dalilin ɗan kasuwa ne kawai, bai taɓa abin da marubuta suka yi da damar da kasuwa ta ba su ba, alhali kuwa a nan fasahar take.

Tarihin abin gajere ne. A watan Fabrairun 1936 Lee Falk ya fara fitar da labarin Phantom a jaridun Amurka, ya gina shi a kan wani saurayi da 'yan fashin teku suka kashe wa uba a 1536, ya yi rantsuwa a kan ƙoƙon kan wanda ya yi kisan cewa shi da zuriyarsa za su yaƙi zalunci, har aka kai ga magaji na 21 mutanen ƙasar suna zaton mutum ɗaya ne da ba ya mutuwa. Kamfanin DC ya bi wata hanyar. Flash na farko, Jay Garrick, ya fito a 1940, mujallarsa ta tsaya a 1949, sai edita Julius Schwartz ya farfaɗo da sunan a 1956 ya ɗora wa Barry Allen, wanda ba shi da wata dangantaka da na farkon, kuma sai a 1961 Gardner Fox ya haɗa su a labari ɗaya da hujjar cewa kowannensu duniyarsa daban. Haka aka yi wa Green Lantern a 1959, amma aka ƙara wata dabara mai amfani, aka mayar da sunan muƙami a cikin runduna, zoben da ke ba da ƙarfi kuwa shi ke neman magaji idan mai shi ya mutu. Ta wannan ƙofa John Stewart, baƙar fata, ya shiga a farkon shekarun 1970, Simon Baz kuma, Musulmi ɗan asalin Labanan, ya shiga a 2012. A ɓangaren kamfanin Marvel, Miles Morales ya zama Spider-Man a 2011, Kamala Khan, Musulma 'yar asalin Pakistan, ta karɓi sunan Ms. Marvel a 2014.

Ba duk waɗannan ne suka cancanci a kira su gado ba. Abin da aka yi wa Flash a 1956 aron suna ne, domin ba wanda ya miƙa, ba wanda ya karɓa, kuma nan ne kaɗai masu suka suke da cikakkiyar gaskiya. Na Phantom gado ne na ɓoye, wanda ƙarfinsa ya dogara ga jama'a su kasa gane cewa an yi sauyi, saboda haka magaji ba ya da wani aiki sai ya zama ubansa sak, abin da ya sa labarin ya daɗe amma bai cika zurfi ba. Wanda ya fi duka shi ne gadon da ake yi a bainar jama'a, kowa ya san wane ya tafi wane ya hau, kuma babu misalin da ya kai na Baƙar Damisa, wato Black Panther, ta ƙasar Wakanda. Stan Lee da Jack Kirby ne suka fito da T'Challa, mai riƙe da sunan, a mujallar Fantastic Four ta 52 a watan Yulin 1966, watanni kaɗan kafin a kafa jam'iyyar baƙar fata mai irin wannan suna a Oakland, sannan marubutan da suka biyo baya, musamman Don McGregor daga 1973, da Christopher Priest daga 1998, da Reginald Hudlin daga 2005, suka yi ta faɗaɗa ƙasar da fadarta har ya tabbata cewa sunan sarauta ce da ake hawa bayan gwajin ƙarfi da shan wani ganye mai siffar zuciya.

Dabarar da ta cancanci a tsaya a kanta ita ce wadda za a iya kira tazarar gado, wato lokacin da ke tsakanin faɗuwar mai riga da tabbatar magajinsa, lokacin da rigar take nan amma ba ta zama ta kowa ba. Marubuci rago yakan tsallake wannan tazara a shafi guda. Gwani kuwa a cikinta yake zama, domin ya san mai karatu ya riga ya san abin da rigar ke iyawa, abin da bai sani ba shi ne ko sabon jikin zai iya ɗaukarta. Barry Allen ya mutu a 1985, Wally West, wanda ya taso a hannunsa yana yaronsa, ya karɓi sunan a 1986, amma ya yi shekaru gudunsa bai kai na maigidansa ba. A 1993 Mark Waid ya rubuta labarin da wani maƙiyi ya zo da kamannin Barry kamar ya dawo daga lahira, kuma a cikinsa ne aka gane cewa ba jikin Wally ne ya gaza ba, shi ne yake taka wa kansa birki ba da saninsa ba, saboda tsoron kada ya kamo marigayin har mutane su manta da shi. Irin wannan labari ba ya yiwuwa ga jarumin da ya ƙirƙiri sunansa da kansa, tunda ba shi da wanda zai ji nauyinsa. Kunyar magaji ce aka mayar da ita ciwon ƙafa, aka auna ta da gudu, wanda shi ne abin da zane ya fi iya nunawa.

Labarin Shuri ya fi wannan kaifi. Hudlin da mai zane John Romita ƙarami ne suka ƙirƙiro ta a 2005, ƙanwar T'Challa wadda ta daɗe tana son sarautar, har ta yi niyyar shiga fagen gwaji da baffanta S'yan yayanta ya riga ta. A 2009 aka yi wa T'Challa mummunan rauni ya kwanta bai san inda kansa yake ba, ƙasa ta zauna babu mai tsaronta, Shuri ta ci duk gwaje-gwajen da aka tanada, ta sha ganyen, ta je gaban abar bautar mutanen Wakanda ta cikin labarin, ita kuwa ta ƙi ta saboda girman kai da hassadar da ta daɗe tana yi wa ɗan'uwanta. Abin da ya biyo baya shi ne tsakiyar fasahar: Shuri ta sa rigar duk da haka, ba tare da ƙarfin ba, ta fita ta tari Morlun, dodon da ya zo cinye ƙasar, tana sane da cewa mai yiwuwa ba za ta dawo ba, kuma wannan fitar ce ta sa aka karɓe ta. Marubucin ya raba abubuwa uku da mai kallo ya saba ganinsu a haɗe, jini da riga da cancanta, ya nuna na farko da na biyu ba sa haifar da na uku. Mai zane kuma yana da nasa aikin, domin da zarar an rufe fuska babu sauran ido ko baki da za su nuna wane ne a ciki, sai tsayuwa da faɗin kafaɗa da yadda ake kai hannu, sai kuma 'yan akwatunan rubutu da ke ɗauke da zancen zuci, waɗanda ke gaya wa mai karatu cewa wadda abokan gaba ke gudu tana shakkar kanta. Jama'ar cikin labarin suna ganin Damisa, mai karatu shi kaɗai yake ganin Shuri, kuma daɗin karatun yana cikin wannan bambanci.

Fim ɗin 2022 ya tarar da tazarar a zahiri, domin Chadwick Boseman, wanda ya fito a T'Challa a fim ɗin 2018, ya rasu a watan Agustan 2020, kamfanin kuma ya ƙi ɗaukar wani ya maye gurbinsa duk da kiraye-kirayen wasu masu kallo. Waɗanda suka ce an yi haka ne don a faranta wa mata ba su san cewa takarda ta riga fim da shekara 13 ba. Mai ba da umarnin fim ɗin, Ryan Coogler, ya bar rigar babu kowa a ciki har fim ya yi nisa, kuma da Shuri ta sha ganyen da ta haɗa a ɗakin bincikenta, ba mahaifiyarta ko yayanta ta gani a duniyar magabata ba, Killmonger ta gani, maƙiyin gidansu, ma'ana fansa ce ta kawo ta. An sake ƙin magaji ke nan, ta wata siga.

Bahaushe bai kamata ya ga baƙon abu a nan ba, kuma wannan ne ya sa sukar ta fi ban mamaki idan ta fito daga Kano. Tsarin sarauta kaf a kan wannan fahimta ya tsaya, cewa Galadima ko Madaki suna ne da ya girmi mai riƙe da shi kuma zai wuce shi, cewa ɗan sarki ba ya zama sarki sai Madaki da Makama da Sarkin Bai da Sarkin Dawaki Mai Tuta sun zauna, cewa tagwayen masu da takalmin gashin jimina da kakaki, waɗanda ake danganta shigowar wasunsu da zamanin Muhammadu Rumfa a ƙarni na 15, ba kayan mutum ɗaya ba ne. Amawali, wato ɓangaren rawani da ke rufe baki da haɓa, aikin da yake yi kusan shi ne aikin abin rufe fuskar sadaukin zane: yana rage mutumin domin muƙamin ya fito. Maroƙa kuma suna yi wa sabon sarki kirarin kakanninsa tun bai yi komai ba, su ɗora masa bashin da zai yi shekaru yana biya, wanda shi ne ainihin halin da Wally West ya shiga. Ko a fagen wasa akwai Nalako, sarkin gwauraye da ke jagorantar tashe a watan azumi, suna ne da shiga da ake gada, yara ba sa tambayar sunan yankan wanda ke ciki.

Aibin gaskiya na labaran Amurka wani ne daban, kuma masu suka ba su cika ambatonsa ba: kamfanonin ba sa iya haƙura da mamaci. Barry Allen ya dawo a 2008 bayan Wally ya riƙe sunan fiye da shekara 20, aka mayar da magajin gefe, T'Challa ma bai daɗe ba ya koma cikin rigarsa. Gadon da mai shi zai iya dawowa ya karɓe riƙon ƙwarya ne, kuma duk lokacin da aka yi haka an zubar da darajar wahalar da aka sa magaji ya sha. Sarautar Hausa ta san tuɓewa da murabus, amma ba ta san tashi daga kabari ba, don haka marubucin da ya taso a cikinta yana da abin da zai gyara wa masu abin.

Sai dai fasahar Hausa ta zamani ta bi akasin wannan hanya. Ɗan wasan barkwanci Rabilu Musa mutum ɗaya ne da ya yi ta sauya riguna, yau Ibro Awilo, gobe Ibro Aloko, jibi Ibro Usama, kuma da ya rasu a watan Disambar 2014 sunan ya bi shi, abokan aikinsa irin su Bosho da Daushe kowa ya tsaya a kan nasa. Samanja na wasan kwaikwayon talabijin muƙamin soja ne, abin da ya fi komai sauƙin gada, amma ya tsaya a kan Usman Baba Pategi har ya rasu a 2023 ba a taɓa naɗa wani a bariki ɗin ba. Jaruman mujallun da aka sayar a Najeriya a da, irin su Lance Spearman na African Film da Powerman na tsakiyar shekarun 1970, sun mutu tare da mujallunsu. Littattafan yaƙi kuwa, tun daga Iliya Ɗan Maiƙarfi na Ahmadu Ingawa har zuwa na Abdul'aziz Sani Madakin Gini da matasan Kano suka yi ta haya a shagunan littattafai, cike suke da takubba da sulke da zobba na gado, amma yawanci kayan ne ake gada, sunan da nauyinsa ba a cika mayar da su jigon labari ba. Dalilin ba ɓoyayye ba ne, kasuwar Kannywood fuska take sayarwa, furodusa kuma ya fi amincewa da ɗan wasan da aka sani a kan halittar da aka rubuta.

Masu zane da marubutan da ke tasowa yanzu a Tarauni da kewayen titin Zoo, waɗanda waya da kwamfuta suka sauƙaƙa musu abin da a da sai da injin ɗab'i, ba su da buƙatar kwaikwayon rigar Wakanda ko kunnuwanta. Abin da ya kamata su ɗauka shi ne tsarin: su ƙirƙiri sadaukin da sunansa sarauta ce, su tanadi masu zaɓensa da sharuɗɗan hawansa tun daga littafi na farko, su yarda na farkon ya mutu mutuwar da ba a dawowa, sannan su ba tazarar da ke bayansa littafi guda cur.