Mai Ƙunshi Ma Gwanar Zane Ce

Idan aka ba ɗaliban sakandare ko na kwalejin ilimi aikin zane a kan furanni da tsirrai, umarnin farko kusan kullum ɗaya ne: zaɓi wani gwanin zane, nazarci yadda yake aiki, sannan ka yi naka a kan tafarkinsa. Sunayen da ake jerowa ma ba su cika canzawa ba. Akwai Van Gogh ɗan Holan da furanninsa masu bin rana da ya zana a garin Arles na Faransa a 1888, akwai Monet da badon tafkin gidansa na Giverny, wanda ya yi ta zanawa har mutuwarsa a 1926, sai kuma Georgia O'Keeffe ta Amurka. Ɗaliba a unguwar Limawa ta Dutse za ta buɗe waya, ta sauke hoto, ta kwafa da fensir mai launi, a ba ta maki. Da za ta ce ita mai ƙunshin layinsu take son nazarta, amsar da za ta ji daga bakin malaman zane da yawa ita ce ƙunshi kwalliya ce, ba fasaha ba. Hujjojinsu guda uku ne: mai ƙunshi ba ta da suna a littafi, aikinta gogewa yake yi, kuma kwafa take yi daga waya. Biyun farko ba su da nauyi. Ta ukun ce kawai ta cancanci a tsaya a kanta.

Ba ni da rigima da waɗancan Turawa. Hoton da O'Keeffe ta zana a 1932, wanda aka sayar dala miliyan 44.4 a 2014, furen wani tsiro ne dangin zaƙami, irin wanda ke fitowa a juji muna hana yara taɓawa. Monet kuwa bado ya dasa a tafkin gidansa ya dinga kallo safe da yamma, kuma bado ne ke rufe fadamun Haɗeja duk shekara ba mai waiwayarsa. Abin da mutanen nan suka yi shi ne duban abin da ke gabansu har suka gan shi sosai. Ɗalibin da ya kwafi Monet daga fuskar waya ya yi kishiyar abin da Monet ya yi ke nan.

Zana tsiro ba baƙon abu ba ne a wurinmu. Malamai sun san fatawar Abdullahi ɗan Abbas ga mai sana'ar sura, inda ya nuna masa ya koma zana itatuwa da abin da ba shi da rai. Duk da haka adon Bahaushe ya fi karkata ga layi da kusurwa da saƙar zare: dagi, aska takwas a ƙirjin riga, zayyanar da ke jikin bangon fadar Sarkin Dutse a Garu. Shanun da aka zana a duwatsun Birnin Kudu wani zamani ne daban. Inda ganye da fure suka sami wurin zama sosai shi ne hannu da ƙafar mace. Lalle ya daɗe a bikinmu, har wani mataki na aure da sunansa ake kiransa, kuma Baba ta Karo ta ba da labarinsa a littafin rayuwarta da Mary Smith ta fitar a 1954. Na da ɗin dumɓul ne, a kwaɓa, a shafe, a naɗe, a zura hannu a zunguru. Daga baya salatif ya shigo, bayansa kuma zanen fulawa da ake matsowa daga ƙullin leda, wanda ya biyo hanyar Sudan da Makka da finafinan Indiya.

Su masu cewa adon jikin mata ba ya shiga ajin zane, sai su tuna da abin da ya faru a Zariya. A 1958 wasu ɗaliban kwalejin da ta zama Jami'ar Ahmadu Bello a 1962, cikinsu har da Uche Okeke da Demas Nwoko da Bruce Onobrakpeya da Yusuf Grillo, suka kafa ƙungiya don nuna ƙin amincewa da a koya musu zane kamar a Landan suke. Okeke ya koma ga uli, zanen da matan Ibo ke yi a jiki da bango, ya koya daga wurin mahaifiyarsa, bayan yaƙin basasa kuma ya mayar da shi ginshiƙin koyarwa a jami'ar Nsukka. Uli ma gogewa yake yi cikin kwanaki. Ruwan da ake yin sa da shi daga 'ya'yan itace ne dangin katambirin da kakanninmu ke ɗiga wa fuska. Yau babu malamin zane a Nijeriya da zai ce uli kwalliya ce kawai. Batun suna kuwa, a tambayi kowace mace a Limawa ko Fagoji wace ce ta iya ƙunshi, za ta faɗi suna nan take, ta kuma faɗi wadda hannunta ke rawa. Ana gobe salla layi ake yi a ƙofar gwanar har dare ya raba. Suna akwai shi, rubutawa ne ba a yi ba, kuma wannan ai aikin ɗalibi ne.

Ni dai a cikin salon ƙunshi duka, na salatif nake so ɗalibi ya zauna ya kalla, domin a nan ne ilimin zane ya fi taruwa.

Mai ƙunshi takan manna salatif a kan gilashi ko bayan faranti, ta sa reza ta tsaga shi. Wani ta fitar da shi siriri kamar tsinken ashana, wani mai kusurwa uku, wani mai baki biyu kamar ganyen magarya. Sai ta ɗago su ɗaya bayan ɗaya ta jera a fata, ta danne, ta kawo kwaɓaɓɓen lalle ta rufe komai, ta naɗe da leda. Bayan sa'o'i a kankare lallen, a ɓare salatif. Abin da ido zai kira zane shi ne wurin da lalle bai taɓa ba. Ganyen da ake gani fatar wadda aka yi wa ƙunshin ce tsirara, jan kuwa shi ne filin da ke kewaye da shi. Ke nan tun daga yankan farko a juye take tunani: ba ta tambayar ina zan sa launi, tana tambayar ina zan hana launi zuwa. Malamin zane kan shafe zango guda yana ƙoƙarin fahimtar da ɗalibai cewa sararin da ke tsakanin ganye biyu shi ma siffa ne mai buƙatar a auna shi. Mai salatif ba ta da wata hanyar aiki sai wannan. Idan ta matse ganyayen da yawa, jan da ke tsakaninsu zai zama zare-zare ya rasa ƙarfi. Idan ta ware su da yawa, ja ya cinye zanen, ƙafa ta koma kamar dumɓul da aka yi wa tabo.

Sai kuma taurin kan kayan aikin. Reza da salatif miƙaƙƙen layi suke so. Ba sa yarda da lanƙwasar da fensir ke yi cikin sauƙi. Don haka idan tana son reshe mai karkata, ko dai ta ja siririn yanki a hankali yana bin tudun ƙafa, ko ta gina karkatar da gajerun yanka masu bin juna. Fure mai zagaye sai ya koma tauraro, ganye ya koma lu'ulu'u mai baki biyu, zangarniya ta koma jerin kusurwoyi a gefen layi ɗaya. Wanda bai sani ba zai ce gazawa ce. A ganina nan ne gwanintar take, domin kayan aikin sun tilasta mata yanke hukunci: mene ne a jikin ganyen nan wanda in an cire shi ya daina zama ganye? Jijiyar tsakiya ce, ko tsinin baki, ko yadda yake fita daga reshe bibbiyu? Duk sauran sai a zubar. Matisse na Faransa, da ciwo ya kwantar da shi bayan tiyatar 1941, almakashi ya ɗauka ya dinga yanka ganyaye daga takarda mai launi, kuma ana koyar da wannan a matsayin ƙololuwar aikinsa. Ban ga dalilin da yankan almakashi a birnin Nice zai zama darasi, yankan reza a Dutse ya zama wasan mata ba.

Ga kuma abin da mai zane a takarda bai taɓa fama da shi ba: shimfiɗarta tana da rai. Sinadarin da ke cikin ganyen lalle kama fata yake yi, kuma ya fi kamawa inda fata ta yi kauri. Shi ya sa tafin hannu da tafin ƙafa ke yin ja har ya doshi baƙi, bayan hannu kuwa ya tsaya a ruwan goro. Launin ma ba ya nuna kansa ranar da aka cire, sai ya kwana ɗaya ko biyu yake nuna. Gwana tana lissafa wannan duka. Takan kai manyan siffofi inda ja zai yi duhu don farin ya fito tar, ta bar ƙanana inda zai yi haske. Tana sane da cewa gaɓar yatsa za ta lanƙwashe, gumi zai ɗaga salatif, in bakinsa bai kwanta ba lalle zai kurɗa ƙarƙashi ya ɓata kaifin layin. Tana sane da cewa amarya za ta haɗa ƙafafunta biyu a kan tabarma, don haka rabin zanen yana dama, rabi yana hagu, sai sun haɗu yake cika. Kuma babu magogi. Abin da ya kama ya kama sai bayan mako biyu ko uku.

Zanen fulawa na baƙi, wanda 'yan mata suka fi yayi yanzu, bai kai wannan a wurina ba. Akwai masu hannu a cikinsa, waɗanda ke sa layi ya yi kauri ya sirance da matsin yatsa kaɗai, amma yawancinsa cunkoso ne, a cika hannu har gwiwa don kada a ce kuɗin bai biya ba. Ga shi kuma dayis ɗin da ake haɗawa da shi maganin rina gashi ne, yana ƙona fatar wasu har ya bar tabo.

A nan ne hujja ta uku ta masu suka take da gaskiya, sai dai ba ta kai su inda suke so ba. Gaskiya ne furannin da ke hannun matanmu baƙi ne. Wardi ne da ɗawisu da ganyen da aka gani a hoton wata amaryar Dubai ko Mumbai. Ko da hukumar UNESCO ta sa lalle a jerin al'adun duniya a Disambar 2024, ƙasashen Larabawa 16 ne suka kai buƙatar, babu Nijeriya a ciki, a zaman da aka amince da hawan sallar Kano. Amma mai kwafar wardin Dubai da mai kwafar furen Van Gogh laifinsu ɗaya, kuma ɗayan ne kawai ake ba maki.

Jigawa na cikin jihohin da suka fi noma zoɓo a ƙasar nan, ana loda shi a manyan motoci daga Maigatari har ya dangana da Meziko. Ban taɓa ganin furensa a hannun amarya ba, kuma da wuya a gan shi a takardar ɗalibi. Yawancinmu jan ƙoƙon da ake busarwa muke ɗauka shi ne furen. Furen na ainihi mai kunne biyar ne, fari-fari mai ɗan rawaya, da jan ido a tsakiya, yana buɗewa da safe ya yanƙwane kafin rana ta faɗi. Kuɓewa da rama da auduga duk fasalinsu ke nan, dangi ɗaya ne. Tumfafiya da ke kowane kango furenta tauraro ne mai tsini biyar, fari da shunayya a baki, da ɗan kambi a tsakiya, kuma a dunƙule suke fitowa. Kai ka ce don reza da salatif aka halicce shi, domin babu lanƙwasa ko ɗaya da zai nema. Dabinon da aka san Dutse da shi, har cibiyar bincike ta NIFOR take da reshe a garin saboda shi, furensa daga cikin kube yake tsagowa, zarurruka masu ɗauke da ƙananan ƙwayoyi, na namiji daban na mace daban. Ganyensa kuwa layi ɗaya ne da tsinaye a gefe biyu, abin da mai salatif ke yi kullum ba tare da ta kira shi dabino ba. Furen ɗorawa ja ne mulmulalle yana reto a dogon zare. Na riɗi ƙararrawa ce 'yar ƙarama.

Aikin da zan so in ga an ba ɗaliba shi ne ta nemi izinin wata mai ƙunshi ta zauna gefenta, ta rubuta sunanta da wurin wadda ta koya, ta zana jerin yankan da take yi kafin ta manna su, ta ɗauki hoton ƙafa ɗaya ranar da aka cire da kuma bayan kwana biyu, da yardar mai ƙafar. Sannan ta fita gona ko kango ta zaɓi tsiro ɗaya ta zana shi yadda yake, sau da yawa, har ta san adadin kunnuwansa ba tare da ta duba ba. Daga nan ta rage shi zuwa abin da reza za ta iya yankawa, ta gwada a takarda da salatif da ruwan lalle ko na zoɓo. In mai ƙunshin ta ga samfurin ta ce zai zauna a ƙafa, an ci rabin jarrabawa. In ta ce lalle zai kurɗa ta nan, to an sami gyaran da malamin aji ba zai iya bayarwa ba. Monet da O'Keeffe su shigo a matsayin abokan kwatance, a ga yadda kowa ya rage abin da ya gani.

Wannan zai tilasta wa malami duba kalandar gona kafin ta makaranta. Zoɓo sai ƙarshen damina yake fure, dabino da sanyi, ɗorawa da rani. Wanda ya ba da aikin a watan da bai dace ba, tumfafiya kaɗai ɗalibansa za su samu, kuma sai ya gargaɗe su kada ƙaronta ya shiga ido.