Ɗan mahaucin da ya iya kiwon mutane

A garin Kalispell na jihar Montana, can arewa maso yammacin Amurka, an yi wani mahauci da ɗansa ya tashi a gindin teburin yankan nama. Yaron shi ne Eugene Peterson, wanda aka haifa a 1932. Kowace shekara mahaifiyarsa kan ɗinka masa sabuwar rigar aiki daidai da tsayinsa, shi kuwa a ransa yana ganin kansa kamar Sama'ila, wanda Hannatu ke kai wa sabuwar riga a ɗakin Ubangiji shekara-shekara. A shagon nan ya koyi cewa nama yana da hanyarsa, wuƙa bin ta take yi, in ka tilasta mata sai ka ɓata tsoka. Ya kuma lura cewa mahaifinsa da suna yake gaida duk wanda ya shigo. Ni dai a ganina, duk abin da ya yi daga baya a aikin fasto daga nan ya samo tushe.

A 1962 aka tura shi ya kafa ikilisiya a Bel Air, jihar Maryland, kusa da Baltimore. Wuri ne da ake mayar da gonaki sababbin unguwanni, mutane suna tarewa daga ko'ina, kowa ya baro danginsa a wani gari mai nisa. Da safe mutum ya shiga mota, da yamma ya dawo ya rufe ƙofa, maƙwabci bai san maƙwabci ba. A irin wannan wuri majami'a kan zama kamar kanti: in wa'azi bai yi maka daɗi ba, ko waƙa ba ta motsa ka ba, sai ka gwada ta gaba. Masanin zamantakewa Robert Bellah da abokan aikinsa sun ba da labarin wata ma'aikaciyar jinya, a binciken da suka wallafa a 1985, wadda ta raɗa wa addininta sunanta, domin ita kaɗai ce a cikinsa. Mu da muka saba da gaisuwar mutuwa da taron suna da zumuntar mata, wannan zai yi mana wuyar fahimta, ko da yake wanda ya zauna a wasu unguwannin Abuja masu dogayen katangu ya fara jin ƙamshinsa.

To, yaya ake kiwon garken da kowace tunkiya ke ganin ita ce makiyayin kanta?

Peterson ya fara ne a ɗakin ƙarƙashin gidansa, inda aka jera kujeru ana sujada kafin a yi gini. Matarsa Jan tana dafa abinci, baƙi suna shiga suna fita. Ya kuma ƙudurta abin da fastoci da yawa a Amurka za su ɗauka wauta ne: ba ya son ikilisiyar da ta fi ƙarfin ya riƙe sunan kowa. Ya yi shekara 29 a wurin, ya bar ta da mutum kamar 500, a daidai zamanin da ake gina majami'u masu ɗaukar dubbai ana auna fasto da yawan motocin da ke ƙofarsa. Dalilinsa mai ƙarfi ne. Wanda ba a san sunansa ba yana iya ɓacewa wata uku babu mai cigiya. Wanda aka san shi, aka san 'ya'yansa da ciwon da ke damun matarsa, da wuya ya ci gaba da zama ɗan kallo.

Inda gwanintarsa ta fi burge ni shi ne yadda yake sauraro. A farkon aikinsa ya riƙa zama duk ranar Talata da wasu fastocin yankin a gaban wani likitan ƙwaƙwalwa, suna koyon gane damuwa da rikicin aure da shaye-shaye. Ya amfana, har ya fara jin daɗin zama mai warware matsalolin mutane. Daga baya ya farga cewa ya soma kallon kowa a matsayin matsala, alhali yawancin masu zuwa wurinsa ba marasa lafiya ba ne. Mutane ne da Allah ya riga ya fara aiki a cikinsu tun kafin fasto ya buɗe baki. Sai ya sauya salo. Mutum ya zo yana kukan gajiyar aiki ko ɗansa da ya bijire, shi kuwa ba ya gaggawar ba da magani. Yakan bar shiru ya yi tsawo, ya yi tambaya ɗaya, ya jira. Abin da yake nema shi ne wurin da Allah yake motsi a cikin wannan rayuwa ta yau da kullum, ya nuna wa mai ita, sannan su yi addu'a tare. Hanyar nama ke nan, da wuƙar da ke bin ta.

Irin wannan aiki ba ya yiwuwa ga mai sauri, kuma shi kansa sai da ya sha wuya kafin ya gane. Tarurrukan kwamiti suka cinye darensa, har wata rana ƙaramar 'yarsa ta lissafa masa yawan dararen da ya yi a jere ba ya gida. Ya je gaban dattawan ikilisiya da niyyar ajiye aiki. Aka ƙare da yarjejeniya: su za su riƙe harkar gudanarwa, shi kuma ya koma ga addu'a, da nazarin Littafi Mai Tsarki, da zama da mutane. Ranar Litinin ta zama ranar hutunsa, shi da Jan su shiga daji da ƙafa, su yi safiya guda ba magana. Abin sha'awa, wannan ya taimaki ikilisiyar ma, domin dattawan da aka damƙa wa nauyi sun daina zama masu sayen hidima, sun zama masu gida.

Ya san cewa jama'arsa sun saba da samun komai nan take, saboda haka ya kai su ga Zabura ta 120 zuwa ta 134, waƙoƙin da masu ibada ke rerawa suna hawa zuwa Urushalima. Tafiya ce ta ƙafa, a ayari, mai ɗaukar kwanaki, kuma babu mai yin ta shi kaɗai. Daga wannan koyarwa littafinsa na 1980 ya fito, kan doguwar biyayya da ba ta sauya alƙibla.

Har fassarar Littafi Mai Tsarki da ta sa duniya ta san shi daga zama da jama'a ta fito. Yana koyar da wasiƙar Bulus zuwa ga Galatiyawa, wasiƙa mai zafi, sai ya ga ɗalibansa suna ta juya sukari a kofi, maganar ba ta taɓa su ba. Ya koma ga Girkanci, ya riƙa mayar da ita cikin harshen da suke magana a gida da wurin aiki, mako bayan mako, har suka fara gardama da Bulus kamar yana zaune a ɗakin. Bayan ya bar Bel Air a 1991 ya ci gaba da wannan aiki, yana kuma koyarwa a Kwalejin Regent da ke Vancouver a Kanada, har cikakken Littafi Mai Tsarki ya fito a 2002 da sunan The Message. A shekarunsa na ƙarshe ya zauna a gidan iyalinsu a bakin tafkin Flathead, ba nisa da garin da shagon mahaifinsa yake, inda ya rasu a watan Oktoba na 2018.