Yawon cikin birni ya wuce ɗaukar hoto

Duk shekara idan makarantu suka tafi dogon hutu, damina ta kankama, gari ya yi sanyi, sai iyaye su fara tunanin inda za su kai yara. A da, amsar ba ta wuce Gidan Zoo ko gidan kaka a ƙauye ba. Da aka buɗe Ado Bayero Mall a 2014, sai hankali ya karkata can. Amma a 'yan shekarun nan samari da 'yan mata sun fara komawa cikin birnin Kano. Za ka gan su a kan Dala da yamma, a harabar Gidan Makama, a marinar Ƙofar Mata, kowa da waya a hannu. Wannan ya faranta mini rai ƙwarai. Abin da ke damuna shi ne, da zarar an ɗauki hoto, ziyara ta ƙare.

Ka je Ƙofar Mata ka tsaya ka lura. Marini na zaune a bakin karofi, hannunsa ya rine, yana tsoma ƙyalle ya ɗaga, iska ta buge shi, kore ya rikiɗe ya koma shuɗi a gaban idonka. Ruwan nan baba ne da toka aka haɗa, aka bar su kwana da kwanaki suna tsima. Can gefe mabuga na sauke mabugi a kan yadi har ya ɗauki ƙyalli. Ana danganta kafuwar marinar nan da shekarar 1498, kuma yau karofi da yawa sun bushe saboda ciniki ya ja baya. Sai baƙo ya zo, ya ari zane ya yafa, a ɗauke shi, ya mayar, ya kama gabansa. Bai tambayi yadda ake haɗa ruwan ba, bai sayi ko ɗankwali ba. Shi ya tafi da abin nunawa, mai sana'a kuwa ya tashi hannu rabbana.

Haka abin yake a Dala. Daga sama kana hango Goron Dutse da hasumiyoyin Babban Masallaci da rufin gidaje iya ganinka. Amma mutum nawa ne cikin masu hawa ke nuna wa ƙaninsa inda ganuwa ta bi? Dala ne mazaunin Barbushe kafin zuwan Sarki Bagauda. Sarki Gijimasu ne ya fara ginin ganuwa, Muhammadu Rumfa, wanda ya yi sarauta daga 1463 zuwa 1499, ya faɗaɗa ta, ya gina fadar da har yau sarki ke ciki, ya kafa Kasuwar Kurmi. Yaron da bai san haka ba, ba zai ji ciwo ba idan ya ga ana ɗibar ƙasar ganuwa ko ana gina shago a kanta.

Na san wasu za su ce hoton ma talla ne. Gaskiya ne. Hotunan hawan Sallah sun kai sunan Kano nesa, tun kafin UNESCO ta sanya hawan cikin al'adun duniya a 2024. Amma kallo ba ya ciyar da baduku, ba ya kuma ɗaga katangar da ruwa ya zubar.

Shawarata ga mai niyyar fita a hutun bana: ku tafi da ƙafa, da safe, tare da wani dattijo da ya san lunguna. Ku fara da Gidan Makama, ku karanta abin da ke jikin bango, ku bi ta Ƙofar Kudu, ku ratsa zuwa Kurmi, layin masu sirdi da linzami da 'yan ƙwarya. Ku yi sallama, ku gaisa, ku nemi izini kafin ɗaga waya, domin cikin birni gidajen mutane ne. Ku bar yara su yi tambaya, ku sayi wani abu komai ƙanƙantarsa daga hannun wanda ya yi shi. Da cinikinmu da tambayoyin 'ya'yanmu ne waɗannan sana'o'i za su samu magada.