Kafin a Sake wa 'Yar Tsana Fuska

Duk wanda ya saba shiga wajen 'yan gwanjo a Kasuwar Katako ta Jos ya san yadda 'yan tsanan roba ke fitowa daga dila: gashi a cukurkuɗe, jan baki ya goge rabi, wani yaro a Turai ya zane kumatu da biro. Yawancinmu wankewa kawai muke yi mu miƙa wa yara. Amma akwai sana'ar da ta ginu a kan irinsu, wato a cire fentin kamfani kaf, a zana sabuwar fuska. A 2015 Sonia Singh, 'yar Tasmaniya ta ƙasar Ostireliya, ta yi suna da wannan aiki. Tana sayen tsofaffin 'yan tsanan Bratz, ta goge musu kwalliyar da ta yi yawa, su koma kamar yaran unguwa. Jama'a zanen suka yaba. Ni kuwa a wurin gugar nake ganin gwaninta.

'Yar tsana ba roba iri ɗaya ba ce. Kan nan mai laushi PVC ne da aka gauraya da sinadarin da ke hana shi tauri, gangar jiki kuwa galibi roba ce mai tauri irin ABS. Asiton, ruwan da ke cikin abin goge jan farce, yana ɗaga fentin fuska nan take ba tare da ya ci kan ba, muddin bai daɗe a kai ba. Amma ɗigo ɗaya ya sauka a ƙirji sai wurin ya dushe, ya fara narkewa. Shi ya sa masu aikin ke cire kan, ko su naɗe jikin da tsumma.

Hannu ma da nasa ladabin. A jiƙa auduga, a danna, a ɗaga, a canza sabuwa. Wanda ya goga gaba da baya, narkakken fentin zai shafe fuskar, ya bar dabbare. Lungun leɓe da gefen ido sai da tsinken sakace, sannan a wanke da sabulu ba jinkiri. Da hannuna na koyi wannan: na taɓa karɓo tinna wajen wani mai fentin mota na zuba wa 'yar tsanar 'yata, fuskar ta yi danƙo, ƙura ta manne mata, ba ta sake gyaruwa ba.

Biro ya fi wuya, domin tawadarsa shiga cikin robar take yi, ba a sama take zama ba. Maganin ƙurajen fuska mai sinadarin benzoyil feroksaid ake shafawa a shanya a rana, kwana da kwanaki, wani lokaci makonni. Yanayin Jos ma sai an duba shi. Ruwan da ake fesawa don sabon zane ya kama yakan yi fari-fari cikin danshin Agusta, hunturu kuma ga ƙura. Ƙarshen damina ya fi.

Mai son sanin darajar fatar fuska ya je Gidan Tarihi na Jos, wanda Bernard Fagg ya kafa a 1952, ya dubi kawunan yumɓu na Nok. Da yawansu an shafa musu yumɓu mai santsi tun asali, ƙasa ta cinye shi, sai tsakuwar ciki ta bayyana. Abin da shekaru dubu biyu suka yi musu, kankare fenti da sanfefa kan yi wa 'yar tsana cikin minti ɗaya.

Kuma sanfefa na da wata illar da ta fi ɓata fuska. A 2007 kamfanin Mattel ya janye ɗimbin kayan wasa daga kasuwa saboda gubar dalma a fentinsu, kuma kayan gwanjo ba sa zuwa da tarihinsu. Mu da muka ji yadda dalma ta kashe ɗaruruwan yara a Zamfara a 2010 ba mu da uzurin mayar da tsohon fenti gari a tsakar gida.

Taofick Okoya ya fito da 'yan tsanan Queens of Africa a Legas, Haneefah Adam ta Ilori kuma ta ɗinka wa 'yar tsanar Barbie hijabi. Har yanzu da saura: fuska mai kwalli da gira irin ta 'ya'yanmu, kuma kayan aikinta na nan zube a Katako da araha. Mai son gwadawa ya yi aikin a waje, nesa da wuta, domin asiton na kamawa, kuma ya kwashe audugar kafin yara su iso.