Waƙar Kumbo ta Mamman Shata

Kwanan baya muka kwana a Barkiya, ƙasar Kurfi. Bayan sallar lisha muna zaune a ƙofar gida, farin wata fes, sai wani dattijo ya kunna tsohon kaset, muka ji kalangu ya tashi. Ashe waƙar Kumbo Apollo 11 ce ta Alhaji Mamman Shata, Allah ya ji ƙansa. Samari biyu 'yan makaranta da ke wurin suka kama dariya, wai me makaɗi ya sani game da wata? Dariyar nan ita ta sa muka ɗauki alƙalami, gama a cikin waƙoƙin Shata duka babu wadda muke so kamarta.

Ga asalin abin, domin waɗanda ba su kai nan ba a karatu. Ran 16 ga watan Yuli 1969 mutanen Amurka suka harba wani jirgi da mutum uku a ciki. Ran 20 ga wata biyu daga cikinsu, Neil Armstrong da Edwin Aldrin, suka sauka a kan wata, na ukun, Michael Collins, yana kewaya yana jiransu. Tafiyar ta kai wajen mil 240,000. Ran 24 suka komo, suka faɗo cikin teku lafiya lau. A ƙasarmu mutane da yawa suka ce tatsuniyar Turawa ce.

To, ku dubi abin da Shata ya yi. Al'adar mawaƙanmu ita ce su yabi sarki, ko attajiri, ko manomi, ko ɗan dambe, watau mai hannun kyauta ko mai suna a gari. Shi kuwa sai ya tara makaɗansa da 'yan amshinsa, ya tsaya yana wasa ƙarfe, abin da ba shi da doki ko riga da zai bayar, ba ya ma jin Hausa! Wannan halin Shata ne. Tun yana saurayi a Musawa, inda aka haife shi a 1923, ba ya bin turbar da aka shata masa. Mahaifinsa bai so ya yi waƙa ba, ya yi. Kalangu kuwa, da an san shi kiɗan mahauta ne da na 'yan mata a dandali, shi ya shiga da shi gaban manya.

Abin da ya fi ƙayatar da mu shi ne sunan. Kumbo a gidajenmu na da ƙwarya ce ta cin abinci. Sai ga shi an haɗa ta da baƙon suna na Ingilishi, sun zauna tare bisa kiɗa ɗaya, ba wanda ya ture wani. Ku kasa kunne ga kalangun. Makaɗi yana matse tsarkiya a hammata, murya ta hau, ya sassauta, ta sauko, kamar yadda maganar Hausa ke hawa da sauka. Da haka baƙon suna ya sami masauki a bakin tsohuwar da ba ta taɓa ganin allon makaranta ba. Mu da muka yi karatu, sau nawa muka iya kai labarin kimiyya gida har kakanninmu su saurara?

Ba mu ce ba ta da aibi ba. Amshin nan ɗaya da ake ta maimaitawa yakan gundure mai gaggawa, kuma wanda ke son ya san yadda wuta ke tura jirgi sama, sai ya nemi malaminsa, ba Shata ba. Amma maimaicin nan shi ne turken da ke ba shi damar yawo, gama ba ya rubutawa, a tsaye yake ƙaga magana, kafin 'yan amshi su rufe baki ya shirya ta gaba. Wanda ya ce wannan wasa ne, ya gwada a gaban 'yan ajinsu.

Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya ta ba shi digirin girmamawa a 1988, ya rasu a 1999, aka binne shi a Daura. A daren nan na Barkiya kuwa, da kaset ya ƙare, ɗaya daga cikin samarin ya ɗaga kai ya dubi watan, ya daɗe, sa'an nan ya ce, "Baba, a maido mana ita daga farko."